Korona da kasuwar kayan sauti na alfarma: yadda aka koma saye ba a saurara ba

Akwai wata kasuwa a duniya da ba kasafai labarinta ke zuwa shafukanmu ba, ita ce ta kayan sauti na alfarma. Waɗannan su ne amfilifaya da lasifikoki da garmaho da aka ƙera musamman don mutum ya zauna a ɗaki, ya yi shiru, ya ji sauti kamar makaɗin yana gabansa. A saman wannan kasuwa akwai abin sawa a kunne na kamfanin Sennheiser da ke Jamus, mai suna HE 1, wanda aka fito da shi a 2015 kan kusan yuro dubu 50. Akwai lasifikokin kamfanin Wilson Audio na Amurka da kuɗin guda biyu ya haura dala dubu 600. A ƙasan waɗannan kuma akwai ɗimbin mutane masu matsakaicin samu, malamai da ma'aikatan ofis da 'yan fansho, waɗanda kan shekara suna tara kuɗi don su canza na'ura ɗaya tak.

Annobar korona ta bi ta kan wannan kasuwa, kuma abin da ta yi mata ya saɓa wa hasashen mutane da yawa. Ciniki ƙaruwa ya yi. Abin da annobar ta karya shi ne ginshiƙin da sana'ar ta tsayu a kansa tun asali, wato sauraro kafin saye. Mu kan ce gani ya kori ji. To a wannan kasuwa ji ne ke korar gani, don duk kyawun akwati, kunne ne alƙali. Shekara biyu cur aka yi ana sayen kaya da ido da labari. A ganina wannan ce babbar asarar da korona ta jawo wa masu wannan sha'awa, kuma darasinta ya shafe mu, mu da yawancin kayanmu na hannu ne.

Yadda ake ciniki kafin annoba

Kafin 2020, wanda ke son lasifika mai tsada ba ya aika yaro ya sayo masa. Da kansa yake zuwa shago. A irin waɗannan shaguna akwai ɗaki na musamman, da kujera a tsakiya, da labule da darduma don kada sauti ya yi ta amsa-kuwwa. Mai saye kan zo da faifan da ya sani sarai, wanda ya ji sau ɗari, a sa masa a wannan lasifika, a cire a sa a waccan. Wani lokaci ma mai shago kan ba shi aron kayan ya tafi da su gida na 'yan kwanaki. Dalilin haka a fili yake. Ɗaki yana canza sauti ƙwarai. Lasifikar da ta yi daɗi a ɗaki mai darduma tana iya zama abin ciwon kai a ɗakin da ba komai sai siminti da gilashi.

Bayan shaguna sai bukukuwan baje koli. Mafi girma a lokacin shi ne High End da ake yi a birnin Munich na Jamus a watan Mayu. A Amurka akwai AXPONA a kusa da Shikago, da kuma Rocky Mountain Audio Fest a Denver. Yawancin masu ƙera waɗannan kaya ƙananan kamfanoni ne, wasu ma iyali guda ne da 'yan ma'aikata, ba su da kuɗin talla a talabijin. A baje koli suke haɗuwa da dillalan ƙasashe, a nan suke karɓar odar da za su yi shekara suna aiki a kanta. A nan ne kuma mai sha'awar da ba zai taɓa iya sayen kayan dala dubu 100 ba yake biyan kuɗin shiga ya ji su da kunnensa, ya san inda nasa kayan suka tsaya.

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Ka duba yadda ake wannan sha'awa: mutane ashirin a ƙaramin ɗakin otal, an rufe ƙofa da taga don kada hayaniya ta shigo, kuma da yawansu dattawa ne. Babu wurin da ya fi wannan haɗari a lokacin. Baje kolin Munich bai yiwu ba a 2020, bai yiwu ba a 2021, sai a Mayun 2022 ya dawo. AXPONA ma shekara biyu ta yi ba a buɗe ba. Shi kuwa na Denver, wanda aka fara tun 2004, bai sake tashi ba. A Satumban 2021 masu shirya shi suka sanar cewa sun rufe ke nan har abada.

Zaman gida ya kawo ciniki

Da aka rufe shaguna, an yi zaton kayan alatu ne za su fara mutuwa. Sai aka ga akasin haka. A ƙasashe masu arziki akwai miliyoyin mutane da albashinsu bai tsaya ba, suna aiki daga gida, ga shi babu tafiya hutu, babu gidan cin abinci, babu zuwa kallon mawaƙa. Kuɗin da aka saba kashewa a waje sai ya taru a aljihu. A Amurka gwamnati ta ƙara da nata: ta raba wa akasarin 'yan ƙasa dala 1,200 a farkon annobar, sannan 600, sannan 1,400 a Maris 2021. Wanda ya rasa aiki ya sayi abinci da su. Wanda bai rasa ba, ai sai ya waiwayi falonsa.

Faifan garmaho ne ya fi nuna wannan a lissafi. Ƙungiyar kamfanonin faya-fayen Amurka, RIAA, ta ce a 2020 kuɗin da aka samu daga faifan garmaho ya zarce na sidi, abin da rabon a gani tun 1986. A 2021 cinikinsa ya kai dala biliyan 1. A 2022 kuma an sayar da faifan garmaho miliyan 41, sidi miliyan 33. Gaskiya ne faifan ya daɗe yana farfaɗowa tun kafin annoba, amma kulle ne ya ƙara masa gudu. Kuma duk wanda ya sayi faifai dole ya nemi garmaho, da allura, da amfilifaya, da lasifika. Haka abin ke jan juna.

Abin sawa a kunne ma ya samu kasuwa. Gida ya zama ofis da makaranta a lokaci guda, kowa na neman inda zai ɓuya daga hayaniyar ɗan'uwansa. A Disamban 2020, ana tsakiyar annoba, Apple ya fito da AirPods Max kan dala 549, kusan sefa dubu 300 ke nan a canjin lokacin. Mafi ƙarancin albashi a nan Kamaru a wannan shekara sefa 36,270 ne. Wato ma'aikaci sai ya yi wata takwas bai ci bai sha ba kafin ya kai. Duk da haka masu saye a can sun yi ta jiran makonni kafin kayan su iso gare su.

Masu saye sun yi yawa, kaya sun yi ƙaranci

A daidai lokacin da buƙata ta tashi, sai hanyar samar da kaya ta toshe ta ko'ina. Wasu matsalolin korona ce ta jawo su kai tsaye, kamar rufe masana'antu a Sin da ƙarancin 'yan ƙananan sassan lantarki da ake kira cip, wanda har masu ƙera motoci sai da ya durƙusar. Idan manyan kamfanonin mota na layi, ƙaramin mai haɗa amfilifaya ɗari biyu a shekara wa zai saurare shi?

Wasu kuma tsautsayi ne ya faɗo a kan annoba. A watan Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a jihar Kalifoniya. Wannan masana'anta ce ke yin faifan farko da ake yanka sauti a kansa kafin a buga sauran kwafi, kuma a lokacin a duk duniya ita da wani kamfani guda a Japan ne ke yin sa. A Oktoban shekarar, wata gobarar ta tashi a masana'antar kamfanin AKM da ke garin Nobeoka a kudancin Japan, ta yi kwana uku tana ci. AKM na cikin 'yan ƙalilan da ke ƙera cip ɗin da ke juya lambobin kwamfuta su zama sautin da kunne ke ji. Kamfanoni da dama sai da suka sake fasalin na'urorinsu suka koma amfani da cip na wani kamfanin, galibi ESS na Amurka. Wasu sun sanar da masu saye, sun canza wa na'urar suna. Mai sayen da bai bibiyi labari ba kuwa, bai ma san cikin akwatin ya canza ba.

Sai maganar jigila. Kwantena mai ƙafa 40 da ake ɗauka a kan dala 1,500 ko kusa da haka kafin annoba, a Satumban 2021 ta haura dala dubu 10 a ma'aunin kamfanin Drewry. A Maris na shekarar jirgin Ever Given ya tokare mashigin Suez har kwana shida. Lasifika kaya ce mai nauyi da cin wuri, don haka kuɗin jirgi na shiga farashinta kai tsaye. Masana'antun buga faifai su ma sun cushe. An ruwaito cewa faifan mawaƙiyar Ingila Adele mai suna 30, wanda ya fito a Nuwamban 2021, an buga masa kwafi kusan dubu 500, yayin da ƙananan mawaƙa ke jiran watanni kafin layi ya zo kansu. Farashi ya hau a lokacin da hujja. Amma da kuɗin kwantena ya sauko a ƙarshen 2022, ban ga kamfanoni suna rige-rigen mayar da farashi inda yake ba.

Saye da ido

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mutum yana gida da kuɗi a hannu, shago a rufe, baje koli babu. Ta yaya zai zaɓa? Sai ya koma YouTube da mujallu. Kuma akwai abin dariya a nan wanda ba a cika faɗa ba. Idan aka kunna lasifikar dala dubu 20, aka naɗi sautinta da makirufo, aka matse shi aka ɗora a intanet, kai kuma ka saurara a wayarka, to wayarka kake ji. Duk zaƙin da ka ji na lasifikar wayarka ne. Amma dubban mutane a kan irin wannan suka yanke shawara, da kuma kalaman masu sharhi waɗanda sau da yawa kamfanin ne ya aika musu kayan.

Wasu kuma suka koma ga awo. Akwai masu na'urorin gwaji da ke auna yawan gurɓatar sauti da ƙarar da ba a so, su jera kaya daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Wannan ya yi amfani sosai, don ya tona asirin wasu kaya masu tsada da ba su kai na araha ba. Sai dai shi ma yana da iyaka. Akwai matakin da bambancin na'ura biyu ke fita daga abin da kunnen ɗan'adam ke iya kamawa, daga nan duk ƙarin da ka biya lamba ka saya. Kuma babu awon da zai gaya maka yadda lasifika za ta zauna da ɗakinka, ko za ka iya awa biyu kana sauraronta ba ka gaji ba.

Abin da ya faru da kamfanin Mobile Fidelity, wanda ake kira MoFi, ya isa misali. Kamfanin ya shahara da sake buga tsofaffin faya-faye, wasu a kan fiye da dala 100 kowanne, kuma masu saye sun yi imani cewa daga asalin tef ake yanka su kai tsaye, kwamfuta ba ta shiga tsakani. A Yulin 2022 wani mai shagon faifai a jihar Arizona ya tayar da magana, kamfanin kuma ya amsa cewa ya shekara da shekaru yana bi ta kwafin kwamfuta. An kai ƙara, aka sasanta a kan abin da aka ƙiyasta zai kai dala miliyan 25. Abin lura shi ne, waɗannan faya-faye suna da daɗin sauraro, kuma masu cewa kunnensu na gane sautin kwamfuta nan take sun daɗe suna yabon su. Kenan wani ɓangare na kuɗin da ake biya kuɗin labari ne. Wannan ciwo ya girmi korona, amma a lokacin da aka hana mutane zama su kwatanta da kunnensu ne ya fi samun wurin miƙe ƙafa.

Bayan biki

Masu manyan kuɗi sun ga cinikin kulle suka ɗauka haka za a dawwama. Mafi ban mamaki shi ne kamfanin Masimo na Amurka, mai ƙera na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, wadda asibitoci suka yi ta nema lokacin annoba. A 2022 Masimo ya sayi Sound United, uwar kamfanonin Denon da Marantz da Polk da Bowers & Wilkins, a kan fiye da dala biliyan 1. Masu hannun jari ba su ji daɗi ba, darajar kamfanin ta faɗi warwas washegarin sanarwar. Da aka buɗe gari, jama'a suka koma tafiye-tafiye da kallon mawaƙa, tsadar rayuwa kuma ta kama, sai ciniki ya ja baya. A 2025 Masimo ya sayar da wannan sashe ga Harman, mallakar Samsung, a kan dala miliyan 350. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da ya biya.

Ba shi kaɗai ba ne ya sauya hannu. A 2021 iyalan Sennheiser suka sayar da sashen kayan masu saye na gida ga Sonova ta Suwizalan, wadda sana'arta ƙera na'urar taimaka wa masu matsalar ji. Onkyo na Japan, wanda aka kafa a Osaka a 1946, ya sayar da sashen kayan gida a 2021, sannan uwar kamfanin ta shelanta karyewa a Mayun 2022. Matsalarsa ta riga korona, ƙarancin cip ne ya ƙarasa shi. A 2024 Bose ya sayi McIntosh. Sunayen suna nan a jikin akwati, amma masu yanke hukunci a bayansu sun ragu, sun kuma ƙara girma. Wanda ya saba cewa tunda sunan kaza ne ai ba sai na saurara ba, ya kamata ya sake tunani.

Kada a ce ban faɗi alherin da aka samu ba. A tsakiyar 2021 Apple Music da Amazon Music suka buɗe wa masu biyan kuɗin wata sauti cikakke, wanda ba a matse shi an zubar da komai ba, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Kamfanonin Sin kuma suka cika kasuwa da ƙananan na'urori da abin sawa a kunne na dala 20 zuwa 100 masu sautin da shekaru ashirin baya sai mai hali. Yau ɗalibi a Garwa ko Marwa, da waya da abin kunne mai waya na kirki, yana iya jin abin da a da sai an shiga ɗakin attajiri. Sai dai a sani, irin wannan sauti yana cin data ninki-ninki a kan wanda aka saba, kuma Bluetooth na matse shi kafin ya kai kunne. Apple da kansa ya faɗa a lokacin cewa AirPods Max ba ya kawo shi cikakke ta iska.

Ina ruwanmu?

Na san mai karatu zai ce, mutane na fama da kuɗin shinkafa da na makaranta, ana yi mana zancen lasifikar miliyoyi. Maganar tana da ƙarfi, kuma ba na kare wanda zai sa kuɗin gida a wayar haɗi ta zinariya alhali maƙwabcinsa na kwana da yunwa. Amma wannan kasuwa tana da wutsiya, kuma wutsiyar a wurinmu take ƙarewa. Amfilifayar da Bature ya gaji da ita ita ce ke shiga kwantena ta sauka a tashar Duwala, ta ƙare a shagon kayan gwanjo, daga nan ta shiga falon wani a Yawunde ko Ngawundare. Duk abin da ya taɓa farashi a can, da kuɗin jirgi, mu ne ke biyansa a ƙarshe.

Ga kuma wani abu da annobar ta fito da shi. Da sababbin kaya suka yi wuyar samu, masu sha'awa a Turai da Amurka suka koma farautar tsofaffi, musamman na Japan na shekarun 1970, irin su Sansui da Pioneer da Marantz da Technics, farashinsu kuma ya tashi. Irin waɗannan ne fa iyayenmu suka saya, wasu suna nan a ɗakin ajiya ƙura ta rufe su. Dalilin da ya sa suke da daraja shi ne ana iya gyara su. Sassansu a fili suke, mai gyaran rediyo da ƙarfen dalma zai cire wanda ya tsufa ya sa sabo, na'ura ta sake shekara ashirin. Sabuwar lasifikar zamani mai dogaro da manhaja kuwa, ranar da kamfani ya daina kula da ita, ko cip ɗinta ya ƙone, sai bola. Korona ta nuna cewa gobara ɗaya a wani gari a Japan na iya tsayar da kamfanoni a nahiyoyi uku. A irin wannan duniya, mai gyaran da ke bakin kasuwarmu dukiya ne, kuma abin takaici ne yadda matasa ke ƙyamar zama su koya a hannunsa.

Haka batun faya-faye. Korona ta ɗauke mana Manu Dibango a Faransa ranar 24 ga Maris 2020, yana cikin fitattun mawaƙan duniya na farko da cutar ta kashe. Faya-fayen zamaninsa abin nema ne a wurin masu tarawa. Tun 2017 kamfanin Analog Africa na Jamus ya tattara kiɗan Kamaru na shekarun 1976 zuwa 1984 ya sake bugawa da sunan Pop Makossa. A gidajenmu akwai irin waɗannan, har da na Shata da Ɗan Maraya Jos, ana barin su a rana suna lanƙwashewa, ko a sayar da kwali guda a kuɗin goro. Wanda ke da su ya jera su a tsaye a inuwa, ya kuma bincika darajarsu kafin ya rabu da su.

Sai kunnen kansa, wanda shi ne jarin duka. Zaman kulle ya koya wa mutane, har da yara masu karatu ta waya, kwana da wuni da abu a kunne, kuma ɗabi'ar ba ta tafi da annobar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne ƙarar da ba ta wuce desibel 80 ba na tsawon awa 40 a mako, kuma da an ƙara ƙarfi lokacin ke raguwa da sauri. 'Yan ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda ke kama sauti, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Idan na kusa da kai na jin abin da ke fita daga abin kunnenka, ko ka cire ka ji kunnen na ƙugi, ka wuce gona da iri.

Abin da nake ba da shawara

Ga mai niyyar saye, ko sabo ko na hannu, kada ka biya sai ka ji. Ka tafi da sautin da ka sani, musamman muryar mutum, don kunne ya fi saurin gane ƙarya a murya. Ka saurara a ƙaramar ƙara, saboda da ƙarfi kowace lasifika tana burgewa, kuma masu shago sun san haka. Idan kana kwatanta biyu, ka daidaita ƙarfinsu, ka sa wani ya riƙa canzawa ba tare da ka ga wadda ke aiki ba. Ka duba bayan na'ura: ta Japan ta cikin gida wutar 100 take sha, ta Amurka 120, tamu kuwa 220 ce, kuskure ɗaya ya isa ya ƙone ta. Ka kuma tanadi abin daidaita wuta kafin ka yi tunanin waya mai tsada.

Kafin ka ƙara kuɗi ma, ka gwada abin da ba ya cin ko dala. Ka janye lasifikokin daga jikin bango kaɗan, ka ɗaga su daidai kunnenka, ka sa nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisan kowacce zuwa inda kake zama, ka shimfiɗa darduma. Sau da yawa wannan kan canza sauti fiye da sabuwar amfilifaya.

Ga masu shaguna kuma, ku ware ɗan wuri da kujera inda mai saye zai zauna minti goma. Baje kolin Turai sun dawo, na Munich ma ya yi shirin komawa Vienna daga 2026, kuma mutane na cika su saboda sun ɗanɗana saye a makance sun ga bai biya ba. Mu da kuɗinmu bai kai nasu ba, mun fi su buƙatar mu ji kafin mu biya.